Taƙi da Yatsa Biyu

Shekaranjiya ruwan farko ya sauka a Tambuwal. Ba wani ruwan kirki ba ne, irin wanda ke kwantar da zafi ya tayar da ƙamshin ƙasa ne kawai, amma kafin ya ɗauke na ji maƙwabcina yana kiran ƙauye a waya, wai a fito da sungumi. Na so in leƙa ta katanga in ce masa ya dakata, sai na tuna ni ma na taɓa yin wannan gaggawar, kuma tawa ta fi tasa muni, don ni da ilimi na yi ta. Tun daga lokacin shekarar nan take ta dawo mini, shekarar da azumi ya faɗo a bakin damina, ina ajin ƙarshe a jami'a a Sakkwato, ina karatun injiniyan kwamfuta.

Wanda bai yi irin karatunmu ba, bari in gaya masa. Kafin a bar ka ka taɓa aikin kammalawa, wanda muke ce wa furojet, sai ka rubuta 'yar takarda shafi biyar ko shida ka bayyana matsalar da ka gani, da na'urar da za ka ƙera dominta, da yadda za ka ƙera ta. Furofoza ke nan. Malamin da aka damƙa ka hannunsa ya karanta, in ya sa hannu ka wuce, in bai sa ba ka koma. Nawa malamin Dakta kawai muke ce masa. Dogo ne, ba ya dariya, kuma ban taɓa jin kalmar Hausa ta fito daga bakinsa ba, alhali kowa ya san Bahaushe ne.

Sau biyu ya kore ni. Na farko na kai masa na'urar da za ta riƙa ɗaukar sunan ɗalibai da zanen yatsa. Ya jawo aljihun teburinsa ya nuna mini irinta jibge, duk daga wuri ɗaya muka kwafo a intanet. Na biyu na kai masa tsarin fitilun ba da hannu a mahaɗar titi, na ƙawata shi da zane-zane har ni kaina ina sha'awar kaina. Ya tambaye ni ɗan ina ne, na ce ƙauyenmu yana gaba da Kebbe kaɗan. Ya ce to fitilar ba da hannu nawa ce a Kebbe. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ya miƙo mini takardata ya ce na uku shi ne na ƙarshe, ranar Larabar bayan Sallah za a rufe, wanda bai samu sa hannu ba sai baɗi.

Baɗi kuwa ba ta cikin lissafin gidanmu. Shekara huɗu Baba yana noma babu ni, yana buɗe rumbu saboda ni, kuma ya riga ya faɗa mini, ba da faɗa ba, cewa rumbun ba zai ɗauki ƙarin shekara ba. Da wannan a zuciyata na hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, daga Tambuwal na nufi gida, saura kwana biyu a kama azumi, da tsohuwar laftof a jaka wadda batirinta ba ya kai minti arba'in.

Zafin bazarar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Kaji su buɗe baki su lafe gindin randa, awaki su bi inuwar katanga tana matsawa suna matsawa. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai an ƙara wa guga igiya, abin da ke fitowa kuma rabinsa laka ne, sai an bar shi ya kwanta. Hatsi ya yi ƙasa a rumbu, wanda zai ɗebo sai ya shiga ciki gaba ɗaya. Da sahur tuwon gero ne da miyar kuka, da shan ruwa kunu ne, kunun kuma kullum ƙara tsinkewa yake yi. Innarmu ta kan haɗa da kwaɗon zogale don ciki ya ji nauyi. Ba wanda ya ce yunwa ake yi, a gidanmu ba a faɗin haka. Ana dai cewa a ci da haƙuri.

Ni kuwa ina zaure da laftof, in rubuta layi biyu in goge uku, batir ya mutu, in jira wanda zai je Kebbe ya kai mini caji. A lokacin babu sola a kan kowane rufi kamar yanzu, sabis ɗin waya ma sai ka hau tudun bayan makabarta ka ɗaga hannu. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda muke ce wa Iya, ita ta fi kowa jin daɗin halin da nake ciki. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, ba ta raga mini ba na raga mata. Ta kan wuce da sandarta ta ce, "Injiniya, har yanzu talabijin ɗin taka ba ta haihu ba?" Ni kuma in ce mata in ta haihu ita zan fara saka wa suna.

Ran huɗu ga azumi bayan la'asar hadari ya taso daga gabas. Iska ta kwashe tabarmi, aka yi ta rufe randuna, sai ga ruwa. Mata suka jera kwanoni a bakin indararo, tsofaffi suka fito ƙofar gida suna hamdala. Bai daɗe ba ya ɗauke, amma garin ya yi sanyi, har mutum ya manta yana azumi.

Washegari bayan sallar asuba maza suka tsaya gindin darbejiyar masallaci ana shawara, a shuka ko a jira. Baba ya riga ya leƙa gona ya dawo da ƙasa a farcensa, ya ce shi dai a ganinsa ƙasa ba ta sha ba. Nan ne Shaiɗan ya hau kaina. Dama na riga na hau tudu tun da sassafe na duba manhajar hasashen yanayi a wayata, ta nuna hoton girgije da ɗigon ruwa kwana uku a jere. Na kutsa cikin manya na ɗaga waya, na ce tauraron ɗan'adam ne ke gani daga sama, ba canki-canki ba ne, ruwa na nan tafe kwana uku, wanda ya jira zai yi da-na-sani. Har da Turanci na sa a ciki. Dattawa suka karɓi wayar suna miƙa wa juna, wani ya ce ai shi ya sa ake kai yara makaranta. Duk suka juya suna kallon Baba.

Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, mu shuka."

Muka shuka. Iya ce ke riƙe da irin gidanmu, gero ne da take zaɓar zangarniyarsa tun kaka, ta cakuɗa da toka ta rufe a tukwane cikin ɗakinta. Ta auno ta miƙo. Baba da yayana suna gaba da sungumi suna sara, ni da sauran muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Kafin azahar harshena ya zama kamar busasshiyar fata, idona na ganin duhu-duhu, amma ina jin kaina kamar wani sarkin noma. Gida biyar suka bi mu suka shuka a ranar saboda maganata.

Ruwa bai zo ba. Rana ta farko na ce gobe ne. Ta biyu na hau tudu na ga girgijen ya matsa zuwa jibi. Daga nan kullum matsawa yake yi, har ya ɓace daga wayar gaba ɗaya aka bar mini hoton rana tana murmushi. Geron kuwa ya yi abin da aka sa shi, ya tsiro, layi-layi, kore shar, abin sha'awa. Da sati ya zagayo ya fara naɗe ganye da rana yana buɗewa da yamma. Bayan kwana goma ya daina buɗewa. Ran da na je na murza ɗaya a hannuna ya zama gari, sai na zauna a kunyar gona na rasa inda zan sa kaina. Na daina tsayawa gindin darbejiya, in an sallame sai in sulale ta baya. Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai dai a gaishe ni da kyau a ce ya karatu.

Iya ma ta daina tsokanata, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Wata rana da hantsi na same ta tana tsinkar zogale, na zauna na ce mata ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne Baba, da ya san bai tabbata ba ai sai ya ƙi. Ta ajiye reshen da ke hannunta.

"Kai kana zaton ubanka bai san ƙasag ga ba ta sha ba? Yatsa fuɗu yag gani, shi da ba ya shuka sai ta kai taƙi da yatsa biyu. Ya shuka na don kada mutane su ce karatun ɗanai banza na."

Na tashi na shiga zaure na yi kuka, ni ƙato da gemu, cikin azumi. Ashe mutumin nan ya san abin da zai faru tun kafin ya ɗaga sungumi, ya zaɓi ya binne irinsa da ya kunyata ni gaban mutane. Da kukan ya lafa sai wata kalma ta tsaya mini a rai, taƙi da yatsa biyu. Shekara huɗu ana koya mini awo, ban taɓa sanin cewa a gidanmu akwai mai awo ba.

Washegari na bi Baba gona da littafi da biro. Na ba shi haƙuri a hanya, ya ce ya wuce, Allah ne ke ba da ruwa ba waya ba, ba kuma hannu ba. Na ce to ya nuna mini abin da hannun ke yi. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi, sai da ya ga na tsuguna. Tun da babu ruwan sama, jarka muka riƙa ɗauka daga rijiya. Ya zuba a jigawa ya ce in tona in ga yadda rairayi ke shanyewa ya kai ƙasa da sauri, ya kuma bushe da sauri. Ya zuba a wajen laka kusa da fadama ya nuna mini yadda take riƙewa a sama. Ya ce ba a duba gindin gawo, don ƙasar wurin ƙarya take yi, kullum ta fi sauran laima. Ana tonawa ne har a taɓa busasshiya, a auna da hannu, sannan a dunƙula a tafi, in ta tsaya dunƙule ta sha, in ta warwatse da sauranta. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya ce awon safe ba awo ba ne. Sai an bari rana ta ɗanɗana, a dawo bayan azahar a sake tonawa, abin da ya rage shi ne naka.

Kwana tara muna haka, da ƙishirwa da komai, ina tambaya yana amsawa. Wani abin ya ce bai san dalili ba, haka ya ga mahaifinsa na yi. Wani kuma sai ya yi tunani, ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa. A goman ƙarshe na azumi furofoza ta rubuta kanta. Sanda ce ta bututun roba da za a kafa a gona, da 'yan ƙarafa masu jin laima a zurfi uku, yatsa huɗu, da taƙi da yatsa biyu, da kamu guda. Za ta auna sau biyu, da safe da bayan azahar, ta kwatanta. Ƙaramin faifan sola a kanta. Ba za ta rubuta komai ba, tun da masu gonar ba karatun boko suka yi ba, fitila ce ja da koriya. Kuma ba daga littafi zan saita ta ba, daga hannun manoma zan saita ta, a jigawa daban, a laka daban. Da biro na fara rubutawa, sannan in buga a laftof minti arba'in-arba'in. A wajen bayanin matsala na fara rubuta cewa manoma ba su da hanyar sanin laimar ƙasa, irin yadda muka saba rubutawa. Na dubi layin na ji kunya, na goge. Na rubuta cewa suna da ita, tana hannun tsofaffi, kuma ba a rubuce take ba.

Aka yi Sallah a bushe. A filin idi liman ya yi addu'ar ruwa har muryarsa ta dushe. Na shirya zan tafi Talata da safe in buga takardata a Tambuwal in kwana Sakkwato, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar Litinin da la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Wannan karon ba wasa, ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya har magariba ta wuce, katangar maƙwabtanmu ta zube, kwaɗi suka fito daga inda ba wanda ya san suna nan.

Da safe Baba ya ce in kama hanya. Na ce ba inda za ni sai na ga awon azahar. Ya ce takardata fa, na ce ai takardar ke nan. Muka je tare da safe, muka koma bayan azahar, ya ce ni in tona. Na tona a jigawa, hannuna ya shige har ya wuce wuyan hannu ban taɓa busasshiya ba. Na dunƙula, ta tsaya. Na ɗago na dube shi, ya gyaɗa kai.

Saura iri. Ni duk zatona sai an je kasuwar Kebbe an sayo wanda ba a san asalinsa ba. Muna shiga gida muka tarar Iya ta sa an jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gadonta, bakinta liƙe da laka. Ta fasa, ga gero nan cikin toka. Ashe ba ta taɓa fitar da iri duka a shukar farko, ko wa ya ce a fitar, haka uwar mijinta ta koya mata. Ta auna mana, ta auna wa gida biyar ɗin nan ɗan abin da ya samu, sannan ta dube ni ta ce, "Injiniya, wagga ma ka sa ta cikin talabijin ɗin." Da na ji ta dawo da tsokana na san an yafe mini.

Gayya aka yi a yammacin nan, gona bayan gona, har da waɗanda na ɓata wa shuka. Ƙasa mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafa, ga ruwan sha a gora ba mai hana ka. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba.

Laraba bayan asuba na hau kabu-kabu. Hanyar Kebbe ta zama kunu. Sau uku muna sauka muna tura babur, a wani rafi kuma na ɗora jakata a ka ruwa har cinya. Na isa Tambuwal da hantsi, mai shagon buga takardu ya ce babu wuta, sai da na roƙe shi ya tayar da janareta saboda shafi shida. Motar Sakkwato ta ƙi cika. Ana kiran la'asar na ƙwanƙwasa ofishin Dakta, wandona da busasshen taɓo har gwiwa, shi kuma ya riga ya ɗauki makullin motarsa.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya koma ya zauna, ya zaro jan biro. Tun daga layin farko ya fara zane. Ya gyara Turancina, ya kewaye zanen da'irar lantarkina ya ce batirin da na zaɓa ba zai kai damina ba, ya ce ƙarafan nan za su yi tsatsa cikin wata guda in ban sake tunani ba. Shafi na uku ya koma ja gaba ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, sai baɗi, na fara tunanin da wane baki zan gaya wa Baba. Ya kai shafin ƙarshe, inda ake jera littattafan da aka dogara da su. Littafi uku na sa, na huɗu kuma na rubuta Malam Umaru, manomi, hira a gona. Ya ɗora biro a kan sunan ya tambaye ni wane ne wannan. Na ce mahaifina ne.

Ya cire tabarau, ya buɗe baki, sai na ji Hausa, Hausa irin tamu ta ƙauye.

"Taƙi da yatsa biyu yac ce?"

Na ce e, a jigawa.

"Namu tsoho kamu guda yaka jira, mu ƙasarmu rairayi na zalla." Ya juya biron a hannunsa. "Shekara ukku ke nan da rasuwa tai. Mu shidda ya haifa, duk mun yi karatu, babu wanda yat taɓa tsugunawa ya tambaye shi. Tun da ya tafi, sau biyu muka shuka kowace shekara."

Ya jawo shafin farko ya sa hannu, ya buga hatimi, ya turo mini. Na miƙa hannu biyu zan ɗauka, sai ya danne takardar da yatsa.

"Gyaran da na yi maka, sati biyu ya ishe ka. Amma ka fara komawa gida. Ka tambaye shi duk abin da ya rage tun yana amsawa."

Na fito na zauna a matakalar sashenmu, na ma kasa kiran kowa. Sandar na ƙera ta daga baya, ta yi tsatsa kamar yadda ya faɗa, na sake ta, ta uku ce ta yi aiki, kuma yau akwai 'yan'uwanta a gonaki daga nan har Sanyinna. Amma ranar Juma'ar makon nan ba ɗakin gwaji na nufa ba. Na sayi sabon littafi mai shafi tamanin a tasha, na hau kabu-kabu, na tarar da Baba a gona yana duba tsiron da ya fara huda ƙasa. Ya ce me ya dawo da ni, ko an sake koro ni ne. Na ce a'a, an sa hannu, tambaya ce ta rage. Ya gyara tsugunonsa ya matsa mini wuri.

Littafin nan ya cika tun a daminar. Yanzu ina kan na bakwai, Baba ya tsufa, ba ya iya tsugunawa sai a kan kujera, amma har yau yana amsawa.